Sifirin mai rage tsawo ko koyiloba: wanne ya dace da tsohuwar mota?

Ɗan'uwa, ka ce Honda Accord ɗinka ta 2005 ta haura kilomita 200,000, tana lilo a kwana, tana dungura kai in ka taka birki, kuma ratar da ke tsakanin taya da jikin mota ta ishe ka. Kana so ka san ko sifirin mai rage tsawo za ka saya, ko ka wuce kai tsaye zuwa koyiloba, wato shok da sifirin a haɗe da ake iya saita tsawonsa. Na taɓa amfani da duka biyun, kuma ga motar da ake hawa kullum irin taka, ni sifirin nake zaɓa, amma da sharaɗi mai nauyi.

Sifirin mai rage tsawo ya fi na kamfani gajarta, ya kuma ɗan fi shi tauri. Irin su Eibach Pro-Kit da H&R Sport, dukansu na Jamus, sukan sauke mota da kimanin milimita 25 zuwa 40, gwargwadon ƙirarta. Injiniyoyinsu sun riga sun yanke maka tsawo da tauri, kai ɗaurawa kawai za ka yi. Yawancinsu an naɗe su yadda za su yi laushi a ƙananan gargada, su ƙara tauri in nauyi ya danne su a kwana. Shi ya sa iyali za su zauna a baya ba tare da sun ji an canja musu mota ba.

Sharaɗin shi ne shokabzoba. Kada ka ɗora sabon sifirin a kan shok ɗin da ya yi shekara da shekaru yana aiki. Masu ƙera shok sukan ba da shawarar a duba shi tun daga kilomita 80,000, naka kuwa ya ninka haka. Lilon nan da kake kuka da shi ma, akasari aikin mataccen shok ne. In ka sauke mota, sandar shok tana zama a nutse fiye da inda aka tsara mata, wurin motsinta ya ragu, ga sifirin mai ƙarfi yana wurgo ta sama. Tsohon shok ba zai iya riƙe shi ba. Motar za ta riƙa tsalle bayan kowane tudu, ba da daɗewa ba ka ga mai yana tsiyaya a jikinsa. Na yi wannan kuskuren a motata ta farko, wata uku ban cika ba na sake biyan kuɗin kwancewa. Nemi shok da aka yi don gajeren sifirin. Bilstein B8 an gajarta shi musamman saboda haka, saɓanin B6 da aka yi wa tsawon kamfani. Koni Sport, mai launin rawaya, yana ba ka damar murɗa taurin dawowarsa.

Koyiloba kuwa shok ne da sifirin a haɗe, jikinsa da zare kamar na noti, sai ka murɗa zobba da sifana ka ɗaga ko ka sauke kowace ƙafa yadda ka ga dama. Wasu tsawo kaɗai ake saitawa, kamar KW V1 da Bilstein B14. KW V2 ya ƙara saitin dawowar shok, V3 ya haɗa da na dannuwa. BC Racing na Taiwan yana zuwa da mataki 30 na tauri. Babbar fa'idar koyiloba ita ce shok da sifirin an auna su tare, kuma in ka sauke ka ga bamba tana gogar ƙasa, za ka iya mayar da milimita 10 a yini ɗaya. Da sifirin zalla, abin da ka samu shi ke nan.

Amma duba abin da ake rubutawa a jikin sifirin ɗin koyiloba da yawa: 8K, 10K, har 12K. Ma'anarsa sai an ɗora kilo 8 ko 10 ko 12 kafin ya nutse da milimita ɗaya. Wannan tauri ne na filin tsere. A kan titi mai faci da ramuka, kowane tsagi zai iso ƙugunka, kuma jikin tsohuwar mota ne zai shanye bugun: dashbod ya fara ƙara, ƙofofi su fara kuka. Maɓallin saiti ba ya sassauta sifirin, shok kaɗai yake taɓawa. Masu araha marasa suna su suka fi muni, don bawul ɗin cikinsu bai dace da sifirin ba, sai mota ta haɗa tauri da tsalle a lokaci guda. Ga kuma kula. Zaren nan yana tara ƙasa da ruwa. Na ga koyiloba da shekara biyu ba a wanke shi ba, tsatsa ta manne zobban, aka sa sifana da guduma har haƙoran zoben suka karye bai motsa ba. Mai shi ya biya kuɗin saiti, ya ƙare da abin da ba ya saituwa.

Akwai abin da bai bar sifirin ko koyiloba ba. Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da hannuwa biyu na ƙarfe masu riƙe taya, sama da ƙasa, a kowace ƙafar gaba, baya kuma hannuwa da yawa. Da ka sauke ta, kan tayoyin zai kishingiɗa ciki, abin da makanikai ke kira kamba, kuma kamfani bai bar wurin gyara shi a baya ba. Kaɗan daga cikinsa yana taimakon riƙon kwana. In ya yi yawa, sai ka sayi hannun sama mai saiti. Abin da ya fi cin taya ma shi ne bakin tayoyin ya karkace ciki ko waje. Za ka duba daga waje ka ga taya sabuwa fil, ka sa hannu ta ciki ka ji ta yi sumul har waya na sokar yatsa. Don haka alaimen dole ne, bayan ka yi 'yan kwanaki kana hawa sifirin ya zauna.

A nan ne koyiloba ke jan mutane su wuce gona da iri. Tunda zoben yana sauka, sai a yi ta saukewa. Da ka wuce milimita 40 zuwa 50, hannuwan ƙasa sun fara kallon sama, sitiyari ya fara fizga da kansa in taya ta hau tudu, shaf yana aiki a karkace, robarsa ta yage da wuri. Motar tana zama a kan robar tsayawa ta cikin shok, wato babu sauran wurin motsi. Kaskon baƙin mai da salansa kuma sun matso kusa da kowane tudun rage gudu.

Yanke sifirin na kamfani ko gasa shi da wuta, kada ma ka saurari mai ba ka wannan shawara. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankakken sifirin kuma yana iya fita daga mazauninsa in taya ta rataya.

Ga yadda zan yi da motarka. Kafin komai, a ɗaga ta a duba bushin na hannuwa, boljoyin, tayirod da robobin saman shok, a canja duk wanda ya tsage ko yake wasa. A ɗaure notin bushin bayan an sauke motar ta tsaya da nauyinta. In aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin 'yan watanni. Sannan sifirin na kimanin milimita 30 da shok huɗu da suka dace da shi. In kuwa kana da niyyar shiga filin tsere lokaci-lokaci, ko za ka sa faffaɗan rim da ke buƙatar tsawo daidai wa daida, to jira har ka iya sayen koyiloba mai suna, wanda ake samun kayan gyaransa, ka shafa wa zaren man hana tsatsa tun ranar ɗaurawa, ka auna kowace ƙafa daga tsakiyar rim zuwa bakin fanda, hagu da dama su zo ɗaya.