Tantance marasa lafiya da launi a sashen gaggawa: yabo da ƙorafi

A watan jiya na kai ƙanena sashen gaggawa na wani babban asibiti da daddare, ciwon ciki ya murɗe shi tun bayan la'asar. Kafin a tambaye mu kati ko kuɗi, wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune a bakin ƙofa ta auna zafin jikinsa da bugun zuciyarsa da jininsa, ta ƙirga numfashinsa tana kallon agogon hannunta, sannan ta haɗa maki a takarda ta sa masa alamar rawaya.

Wannan shi ne tsarin tantancewa na Afirka ta Kudu, wanda ya samo asali a Kef Tawun a 2004. Ana ba da maki ga abubuwan da aka auna, da kuma ko mutum yana iya tafiya da ƙafarsa, ko yana cikin hayyacinsa, ko ya ji rauni. Wanda makinsa ya kai 7 ja ne, likita zai gan shi nan take; 5 zuwa 6 ruwan goro, cikin minti 10; 3 zuwa 4 rawaya, cikin sa'a guda; kore kuwa yana iya jira har sa'a 4. Akwai kuma alamomin da ke ɗaga mutum sama ko da makinsa kaɗan ne, kamar farfaɗiya ko ciwon ƙirji.

Na ga amfaninsa da idona. Wata mata ta shigo bayanmu da yaro a kafaɗa, ko kuka ba ya yi, aka wuce da shi ciki kai tsaye. Wani dattijo da ya daɗe a kan benci ya miƙe ya ce sun riga ta zuwa, sai ma'aikaciyar ta ce masa, "Baba, ku yi haƙuri, wanda ya yi shiru ya fi ba mu tsoro."

A ganina wannan tsari ya fi takwarorinsa dacewa da asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Tsarin Manchesta na Ingila, wanda aka fara a shekarun 1990, yana da matakai biyar, kuma ya dogara ne da jadawali sama da 50, kowane da irin koken da mara lafiya ya zo da shi, don haka sai an yi wa ma'aikaci horo mai zurfi. Na Amurka, wato ESI, shi ma matakai biyar ne, amma daga mataki na uku zuwa na biyar, wato na waɗanda ciwonsu bai tsananta ba, yana kintatar yawan abubuwan da za a buƙata, kamar gwajin jini da hoto da ƙarin ruwa. Wannan lissafi ba ya da ma'ana sosai a inda na'urar hoto ke tsayawa da an ɗauke wuta. Na Afirka ta Kudu kuwa abin awon jini da na zafi da agogo sun wadatar.

Ƙorafina yana kan abin da ya biyo baya. Sa'a gudan da aka ɗebar wa ƙanena ta wuce, ta biyu ma ta wuce, babu wanda ya waiwaye shi, alhali ya fara amai kuma jikinsa ya ƙara zafi. Ka'ida ita ce a sake auna wanda jiransa ya zarce, domin rawaya tana iya komawa ruwan goro a kan benci. Ma'aikaciyar ba ta yi sakaci ba, ita kaɗai ce a teburin, abin awon jinin ma guda ɗaya ne, ana aronsa daga ciki. Sai da na je na roƙe ta sannan ta sake auna shi, makinsa ya kai 5, aka shigar da shi. Babu kuma wani allo da ke bayyana ma'anar launukan da Hausa, shi ya sa masu jinya da yawa suka ɗauka sanayya ce ke shigar da mutane.

Zan sake kai nawa can, amma zan riƙa duba agogo da kaina.