Alkahira ko Istanbul ga mai juna biyu?

'Yar'uwa, kin ce cikinki wata huɗu, kuma tsofaffin abokan aikinki biyu da kuka yi koyarwa tare, ɗaya tana aure a Alkahira, ɗaya a Istanbul, kowacce ta ce ki zo gidanta. Kina so ki yi awo da hoton ciki a can, ki kuma zaga wuraren tarihi, kina tambayar ina ya fi. Allah Ya raba lafiya. Ni dai Alkahira zan ce miki, muddin ba a tsakiyar zafi za ki je ba.

Tun daga hanya suka bambanta. EgyptAir yana tashi daga Kano kai tsaye, awa huɗu da 'yan mintoci kin sauka. Istanbul kuwa galibi daga Abuja ko Legas ake tashi, sannan ki yi sama da awa shida a kujera, ƙafa tana kumbura. Turkish Airlines yana neman takardar likita daga mako 28, idan ciki ya kai mako 36 kuma ba ya ɗauka. Ki ƙirga da ranar dawowa, domin nan ne mata ke maƙalewa.

Asibitocin kuɗi masu kyau akwai su a biranen biyu. Abin da ya raba su harshe ne. Likitocin Masar da Turanci suke karatun likitanci, don haka za ki faɗa wa likita da bakinki inda ke miki ciwo, idan kina da ɗan Larabcin Islamiyya ma ya ƙara miki. Ga ɗaliban Azhar 'yan ƙasarmu, ba za ki rasa mai raka ki ba ranar da ƙawarki take wurin aiki. A Istanbul manyan asibitoci suna da tafinta, amma maganar ciki ta bakin mutum na uku ba ta da daɗi, kuma da kin fito ƙofa sai Turkanci.

Abin da ya fi damuna shi ne kada awo ya rikiɗe ya zama "ai gara ki haihu a nan". Binciken lafiyar iyali da Masar ta yi a 2021 ya nuna kusan kashi 72 cikin ɗari na haihuwa tiyata ce. A Turkiyya ma ta haura rabi. Tiyata tana ceton rai idan da dalili, amma macen da ke haihuwa da kanta lafiya lau ta yi tunani kafin ta kai kanta inda tiyata ta zama ruwan dare, ga jinya nesa da mahaifiyarta da masu yi mata wankan jego. Kuma babu ɗaya cikin ƙasashen biyu da ke ba jariri shaidar ɗan ƙasa don kawai an haife shi a can.

Wajen yawo ne Istanbul ta ɗan fi sauƙi a kwanakin farko. Aya Sofiya, tsohuwar majami'ar da aka kammala a 537 kuma daga baya ta koma masallaci, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad, fili ɗaya ne tsakaninsu, fadar Topkapi da ɗakin kayan tarihin Manzon Allah (SAW) tana bayanta, jirgin ƙasa na kan titi kuma yana sauke ki kusa da su. Amma garin tudu da gangare ne, titunan tsohon gari shimfiɗe da duwatsu masu santsi idan an yi ruwa, Masallacin Sulaimaniyya ma a kan tudu yake.

Alkahira shimfiɗe take, sai dai cunkoso da ƙura. Azhar, da aka fara ginawa a 970, yana daf da kasuwar Khan Khalili, safiya ɗaya ta ishe ki duka biyun. Masallacin Ibn Tulun na ƙarni na 9 shi zan fi so ki gani: fili ne makeke, ba turmutsutsu, ga inuwar baranda ta kowane gefe inda za ki zauna ki miƙe ƙafa. Hasumiyarsa da matakalarta ke zagaye ta waje, ki kalle ta daga ƙasa. Haka dalar Giza, wato makeken kabarin fir'auna: kada ki shiga ciki, hanyar a sunkuye ake binta, ba iska, kada kuma ki hau raƙumi komai nacin masu shi. Daga Nuwamba zuwa Maris garin yana da daɗin zama, lokacin da Istanbul ke fama da sanyi da ruwa. Idan tafiyar ta faɗo Yuni zuwa Agusta, to na juya, Istanbul ta fi.

Ki tafi da katin awonki da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi miki. Ki duba katin rigakafin zazzaɓin shawara tun yanzu, Masar tana nemansa daga masu zuwa daga Najeriya, kuma allurar ba a cika yi wa mai ciki ba. Idan ba ki taɓa yin ta ba, ki fara ganin likitanki kafin ki biya kuɗin tikiti.