Gyaɗar kwalba ko markaɗen gida: wanne ya fi a kukis ɗin ots da cakulan?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar uwarmu ta ce tana son gasa kukis ɗin nan na ots da gyaɗa da ƙwayoyin cakulan, amma da ta je kanti ta ga kuɗin kwalbar pinat bota, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗar kwalba, sai ta ajiye. Tambayarta ita ce, ko za ta iya soya gyaɗarta ta kai inji ta yi da ita? Ta ƙara da cewa maƙwabciyarta tana ƙuli-ƙuli, ko tunkuza ma za ta yi?

'Yar uwa, markaɗen gida zai yi, kuma ni shi na fi so. Tunkuza kuwa ba za ta yi ba. Sai dai kada ki kwashi markaɗen ki zuba yadda aka rubuta a girkin Turawa ki ce shi ke nan, domin halinsa a cikin kwaɓi daban yake da na gyaɗar kwalba, kuma duk bambancin daga mai ya taso.

Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne. In kin markaɗa ta kin ajiye a roba, bayan 'yan kwanaki za ki ga man ya taso sama yana sheƙi, ƙasan kuma ya daskare, sai kin sa ƙarfi cokali yake shiga. Ta kwalba, irin su Skippy da Jif, ba ta yin haka. A shekarun 1920 wani Ba'amurke mai suna Joseph Rosefield ya fito da dabarar daskarar da man don kada ya rabu da gyaɗar, kuma shi ne ya kafa Skippy daga baya. Har yau dokar Amurka ta ce sai gyaɗa ta kai kashi 90 cikin 100 kafin a kira abu pinat bota; ragowar kuwa yawanci suga ne da gishiri da ɗan daskararren mai da ke riƙe ta wuri ɗaya. To kukis mai ƙwayoyin cakulan daga can ya fito, wata mata Ruth Wakefield ce ta fara shi a jihar Massachusetts a shekarun 1930, kuma akasarin ma'aunan da kike gani a intanet da irin wannan kwalbar aka gwada su. Shi ya sa mace za ta bi ma'auni daidai da markaɗen gida, ta buɗe oben ta tarar kukis sun baje sun haɗe da juna, ta yi ta zargin hannunta alhali ba laifinta ba ne.

Da ta kwalba, kwaɓi yana fitowa da kauri, ki dunƙula ya tsaya, ki gasa ya fito da tudu a tsakiya, ciki da laushi. Yau da gobe duk iri ɗaya za ki samu. Da markaɗen gida kuwa, ya danganta da inda cokalinki ya ɗebo. In daga sama ne, mai ya yi yawa, kukis su baje su yi fale-fale, ki ɗaga ɗaya ki ga ya bar tabon maiƙo a takardar. In daga ƙasa ne, su bushe, kina taɓawa suna marmashewa. Maganinsa ba wuya: ki juya markaɗen sosai har ƙasan roba, sai ya zama jiki ɗaya ba ruwan mai a gefe, sannan ki auna. Bayan kin gama kwaɓi ki sa a firji ya yi minti 30 zuwa awa ɗaya. Wannan hutun yana sa botar ta daskare, ots ɗin kuma ya sha danshi, sai kwaɓin ya kama jikinsa. Mai gyaɗar kwalba tana iya tsallake firjin in tana sauri. Mai markaɗen gida kada ta kuskura, balle a zafin watan Afrilu.

Wani abu kuma, ba kowace kwalba ce take da wancan daskararren man ba. Ki juya bayanta ki karanta. In gyaɗa da gishiri kawai aka lissafa, to markaɗe ne aka zuba a kwalba, kuma haka za ki bi da ita.

A wajen ɗanɗano ne na gida yake yi wa ta kwalba nisa. Gyaɗar da kika soya da kanki a yashi, kina juyawa har ɓawon ya fara tsagewa, ƙwayar ta yi ja kaɗan, kika murje kika bushe, ƙamshinta ba ya ɓoyuwa ko da cakulan ya yi yawa. Ke ce mai iko da suyar: ki bar ta ta ɗan ƙara ja in kina son ƙamshi mai ƙarfi, amma kada ta kai ga ƙuna, don ɗaci zai biyo ta har cikin kukis. Ta kwalba tana da zaƙi da santsi, yara suna sonta, amma ots da cakulan suna danne ta. Abin da za ki tuna shi ne markaɗenki ba gishiri ba suga, don haka sai kin ƙara gishiri da hannunki, in ba haka ba za su fito salaf.

Inda ta kwalba ta fi kwanciyar hankali shi ne tsabta, kuma a nan ina roƙonki ki kula. Injin unguwa da safe tattasai da attaruhu da albasa ya markaɗa. In ba a wanke shi an bar shi ya bushe ba, kukis ɗinki za su zo da yaji, kuma ko ɗigon ruwa ya shiga markaɗen zai daskare ya yi saurin lalacewa. Ki nemi masu injin da mata masu ƙuli suke kai wa, ko ki yi a bilendarki ta gida kaɗan-kaɗan, kina hutar da ita. Kafin suya kuma ki zauna ki tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ta motse, ko ta yi baƙi, ko ta yi funfuna, ki zubar. Funfunar gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Abin da yara za su ci ne, ba wajen ganin asara ba ne.

Tunkuza kuwa an riga an matse mata mai, shi ya sa take yin ƙuli mai ƙarfi. In kin sa ta a kukis, ƙulin za ki samu da cakulan a ciki. Ki roƙi maƙwabciyarki ta ɗebar miki markaɗen kafin ta zuba ruwan zafi ta fara matsa.

Ga ma'aunin da za ki bi, da kofin awo na mililita 240. Bota rabin kofi, wato giram 115, mai laushi amma ba narkakkiya ba. Gyaɗar kwalba ko markaɗen gida rabin kofi. Farin suga rabin kofi, jan suga rabin kofi; in babu jan suga ki daka mazarƙwaila ta yi laushi ki tankaɗe, tana ba da taushi da ƙamshin rake mai daɗi. Ƙwai 1, banila ƙaramin cokali 1. Fulawa kashi uku cikin huɗu na kofi, ots kofi 1 da rabi, bekin soda rabin ƙaramin cokali, cakulan kofi 1. Gishiri kuwa, mai kwalba ta sa ɗan kaɗan, mai markaɗe ta sa rabin ƙaramin cokali, ta kuma ƙara fulawa babban cokali 1 ko 2 in ta ga kwaɓin yana sheƙi. Ki buga bota da gyaɗa da suga har su yi haske, ki sa ƙwai da banila, sannan busassun kayan, cakulan a ƙarshe. Da fulawar ta ɓace ki daina juyawa. Oben ya yi zafi tun kafin ki sa, digiri 180 a ma'aunin Celsius, minti 10 zuwa 12. Ki fitar lokacin da gefe ya yi ja amma tsakiya tana kamar ba ta gama ba, ki bar su a tiren minti 5. Na markaɗen gida sun fi saurin karyewa da zafinsu, kada ki yi gaggawar ɗagawa.

Batun ots ba shi da yawa. Mai manyan fale-fale ya fi daɗin tauna, ƙananan da ake damawa da sauri suna ba da kukis masu laushi, kowanne kika samu ki yi da shi. In ƙwayoyin cakulan sun yi tsada, ki sayi na sanda ki sa a firji ya yi ƙarfi ki yayyanka.

In odar mutane za ki yi, ko kayan biki da ake son kowane ɗaya ya yi kama da ɗan uwansa, kuma wuta ba ta tsayawa balle firji ya yi sanyi, ki daure ki sayi kwalbar. In na gida ne, na shayin maigida da akwatin makarantar yara, ki soya gyaɗarki. Ki fara gasa guda biyu kawai ki ga yadda suka baje kafin ki jera sauran a tire. In sun yi faɗi da yawa, ki ƙara ots babban cokali 2 ki mayar da kwaɓin firji. Allah ya ba da sa'a.