Wace manhajar koyon tuƙi za ka zaɓa kafin ka sayi ƙaramin jirgin sama mara inji na rimot?

Duk wanda ya taɓa riƙe rimot ya tashi ƙaramin jirgi ya san inda ake yin ɓarna. Muddin jirgin ya ba ka baya yana tafiya, komai lafiya lau. Da zarar ya juyo ya fuskance ka, damarsa ta koma hagunka, ka tura sandar rimot dama ka ga ya karkata hagu, kafin ka ce kwabo ya kafa hanci a ƙasa. A kwamfuta sai ka danna maɓalli ɗaya ya dawo sabo fil. A fili kuwa sai neman gam, ko jiran kayan gyara daga waje.

Sai dai jirgi mara inji yana da tasa buƙatar daban. Mai inji idan ya yi ƙasa a ƙara masa wuta ya tashi. Wannan kuwa iska ce abincinsa, kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke bugun tudu ta hau sama, sai matuƙi ya tsaya a bakin gangare yana kai da komo a cikinta. Akwai kuma iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa idan rana ta take, irin wadda shirwa da ungulu ke hawa suna kewaye ba tare da sun kaɗa fiffike ba. Manhajar da ba ta iya kwaikwayon waɗannan biyun ba, komai kyan hotunanta, ba ta yi maka ba.

Shi ya sa nake sa PicaSim a gaba. Danny Chapman ne ya rubuta ta, kuma tun asali don jirage marasa inji aka yi ta, ba cusa su aka yi daga baya ba. Kyauta ce a Windows, akwai ta kuma a wayoyin Android. Kana iya sauya ƙarfin iska da inda take fitowa, ka ga yadda jirgi ke nutsewa idan ka kuskura ka zagaya bayan tudu, inda iskar ke birkicewa. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Hotunanta dai ba za su burge ka ba, kuma jiragen da ke ciki ba su kai na manhajojin kuɗi yawa ba. Ta wayar tana da daɗin rage dare, amma shafa gilashi da babban yatsa ba ya koya wa hannu abin da sanda ke koyarwa.

CRRCSim ma kyauta ce, tana aiki har a Linux, kuma ta san aikin iska mai zafi. Ta tsufa, saita ta na son haƙuri. Idan kana jin daɗin tone-tonen kwamfuta, bismilla.

A ɓangaren na kuɗi, suna biyu za ka fi ji. RealFlight ta kamfanin Horizon Hobby na Amurka ce, ana sayen RealFlight Evolution a Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, kuma Windows take buƙata. Tana da jirage birjik, masu inji da masu saukar ungulu da marasa inji, da darussan koyo ga sabon shiga. Amma yawancin kuɗinka zai tafi ne kan jiragen da ba su kake nema ba. Ɗayar ita ce aerofly RC ta kamfanin IPACS na Jamus, ƙasar da wannan wasa ya yi jijiya sosai. Da yawa daga filayenta hotunan wurare ne na gaske, tana da manyan jirage marasa inji masu dogon fiffike, har da jan su sama da igiya a bayan jirgi mai inji, kuma tana aiki a Mac. A ganina, idan dole sai an biya, ita ta fi dacewa da mai wannan sha'awa. Dukansu biyu suna son kwamfuta mai ƙarfi, don haka duba taka kafin ka tura kuɗi. Kada kuma a ruɗe ka da manhajar Condor: ta masu zama cikin jirgi na gaske ce, ba ta masu rimot ba.

Inda ya kamata kuɗin ya tafi shi ne rimot ɗin. Sayi wanda za ka fita da shi fili, ka yi atisaye da shi, domin yatsu su saba da taurin sandunansa. Na RadioMaster, irin su TX16S da Boxer da Pocket, wayar USB kawai za ka soka, kwamfuta ta gane su. FlySky FS-i6 ya fi araha, amma sai ka nemi wayar haɗi ta musamman. Akwai kuma rimot da aka yi don manhaja kawai, kamar InterLink na RealFlight, wanda ba ya tashin jirgi na gaske. Ka lura da tsarin sanduna tun wajen saye: a tsari na 2, wanda ya fi yaɗuwa, sandar dama ce ke ɗaga hanci da karkatar da fiffike. Sauya tsari bayan hannu ya saba wahala ce.

Idan ka zauna, ka saita kallon daga ƙasa, kamar kana tsaye a fili, kada ka bi bayan jirgin da kyamara. Ka bar iska a kunne, ka yi ta saukar da shi yana fuskantarka, har sai ka iya ajiye shi kusa da ƙafarka sau goma a jere. Ran nan ka je ka yi odar jirgin soso mai arha.