Manga ko anime: a ina ya kamata kuɗinka su tafi?

Ɗan yayata ne ya same ni bayan Sallah da kuɗin da ya tara. Ya ce, "Kawu, littattafan Naruto zan saya ko kuwa in biya kuɗin wata in riƙa kallo a waya?" Na ce masa ya zauna, domin amsar ta dogara ne da labarin da yake so. Akwai wanda karatunsa ya fi kallonsa daɗi nesa ba kusa ba, akwai kuma wanda in ka tsaya a takarda ka yi asarar rabinsa.

Manga shi ne labarin zane a littafi, yawanci baƙi da fari. Anime kuwa shi ne zanen da ke motsi, da murya da kiɗa. Galibi mangan ne ke fara fitowa, babi-babi a mujalla, kamar Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, sannan a tara babukan a littafi mai shafi wajen 200. In ya karɓu sai wani kamfani ya mayar da shi anime. Daga wannan tsari ne matsalar da ta fi cin kuɗin mai kallo take tasowa. Mai zane yana fitar da babi ɗaya a mako, shi kuwa kashi ɗaya na anime yana iya cinye babi biyu ko uku. Idan masu anime suka kusa kamo mai littafi, sai su ƙirƙiro nasu labarin na ciko don su ba shi tazara, ko su ja abin da ke hannunsu kamar danƙo.

Naruto shi ne babban misali. Masashi Kishimoto ya zana shi daga 1999 zuwa 2014, babi 700 a littafi 72. Animensa kashi 220 ne a karon farko, sai ci gabansa mai suna Shippuden, mai kashi 500, jimla 720, kuma wajen biyu cikin biyar ciko ne da ba ya cikin littafin. Lissafa minti 23 sau 720, za ka samu kusan awa 276. A ma'aunin Netflix, matsakaicin hoto yana cin gigabait 0.7 a awa, wato kana maganar data kusan gigabait 190, ban da kuɗin wata da cajin waya. Duk wanda ke sayen data da guminsa ya san nauyin wannan adadi. Ni a Naruto littafin nake zaɓa ba tare da wani ɗar ba, sai dai in nemi manyan faɗace-faɗacen in kalla daga baya.

One Piece ma haka, har ya fi. Eiichiro Oda ya fara shi a 1997, animen ya biyo baya a 1999, yanzu littattafan sun haura 100, kason animen sun wuce 1,100. A nan ba ciko ne ya fi yawa ba, jan rai ne. Yankin labarin da ake kira Dressrosa babi 102 ne a littafi, amma aka yi shi kashi 118. Abin da za ka karanta a minti goma shi za ka zauna wa fiye da minti ashirin, ana nuna maka fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya suna mamaki. Ina ƙaunar labarin nan ƙwarai, shi ya sa nake jin takaicin ganin mutane suna guje masa saboda tsawon animen.

A Demon Slayer kuma sai lissafin ya juya. Littafin Koyoharu Gotouge guda 23 ne, ya ƙare a 2020, labarinsa miƙaƙƙe ne, zanensa a farko-farko bai kai na manyan gwanaye ba. Kamfanin Ufotable ne ya ɗaga shi a 2019 da launi da motsin takobi da kiɗan da takarda ba za ta taɓa bayarwa ba. Fim ɗinsa na 2020, Mugen Train, shi ya ture Spirited Away daga matsayin fim ɗin da ya fi kawo kuɗi a sinimomin Japan. Wannan kallonsa ake yi, kuma in da hali a babban allo. Finafinan Studio Ghibli, kamfanin finafinan zane na Japan, su ma babu zaɓi a kansu, tunda mafi yawansu ba daga manga suka fito ba. Spirited Away na Hayao Miyazaki ya fito a 2001, ya ci kyautar Oscar a 2003, kuma tun 2020 Netflix ke nuna yawancin finafinan kamfanin a ƙasashen da ba Amurka da Japan ba.

Akwai kuma waɗanda ko ta ina ka bi ba ka yi asara ba. Death Note littafi 12 ne, kashi 37. Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa littafi 27 ne, amma a nan a kula, anime biyu ne. Na 2003 ya rabu da littafin a tsakiya ya kama gabansa, domin lokacin ba a gama zanawa ba. Na 2009, wanda ake kira Brotherhood, mai kashi 64, shi ne ya bi littafin har ƙarshe. Na ga wanda ya kalli na farko yana musu da wanda ya karanta littafin, kowa na rantsuwa, ashe labari biyu suke magana a kai.

To ta wace ƙofa za a shiga?

Mafi arha ita ce Manga Plus, manhajar da Shueisha da kansa ya buɗe a 2019. Tana ba da babi uku na farko da uku na baya-bayan nan kyauta a manyan labaransu, a ranar da suka fito a Japan, da Turanci, wasu kuma da Faransanci. Hoton da ba ya motsi ba ya cin data sosai. Kada ka saki ko sisi a kan wani labarin Shueisha sai ka ɗanɗana shi a nan. Rauninta shi ne tsakiyar labarin, wanda karanta shi yadda kake so yana buƙatar biya, kuma ba za ka samu ayyukan wasu kamfanoni a ciki ba, kamar Attack on Titan na kamfanin Kodansha.

Biyan kuɗin wata a Crunchyroll ko Netflix ya dace da mai son kallo. Crunchyroll, wadda ke hannun Sony tun 2021, anime ce sana'arta, kuma sabon kashi kan shigo jim kaɗan bayan an nuna shi a Japan. Netflix tarinta bai kai ba, amma tana da Ghibli, ga sauran abubuwan da mutanen gida za su kalla. Abin da ke cikin kowacce yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tabbatar abin da kake nema yana nan a inda kake kafin ka biya. Shawarata ita ce ka tara abin da kake son gani, ka biya wata ɗaya, ka sauke a waya lokacin da data ke da sauƙi, in ka gama ka dakatar. Ka tuna kuma haya ce, ranar da ka daina biya babu abin da ya rage a hannunka.

Littafin takarda shi ya fi tsada, musamman da yake daga waje ake kawo shi, kuɗin dako da canji suna hawa kansa. Amma ba ruwansa da wuta ko sabis, ƙannenka za su gada, abokai za su ara. In za ka saya, nemi bugun da ya haɗa littafi uku a ɗaya, irin wanda kamfanin buga littattafai na Viz Media ke yi wa Naruto da One Piece da Fullmetal Alchemist. Takardarsa ta fi siriri, amma ya fi sayen ɗaiɗai sauƙi. Ka fara da labarin da ya riga ya ƙare kuma bai yi tsawo ba, don kada kuɗi su yanke maka a tsakiyar kogi. Masu karatu da Faransanci a Maraɗi ko Damagaram suna da sa'a, domin Faransa na cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan, Glénat ke buga One Piece, Kana ke buga Naruto. A duba jabu kuma: baƙin tawada da ya dishe, rubutun da ya yanke a gefen shafi, da bangon da ke saki tun buɗewar farko.

Wani abin da ke burge ni shi ne manga daga dama ake buɗe shi, ana bin hotunan daga dama zuwa hagu. Turawa sai an sa musu gargaɗi a shafin ƙarshe cewa sun fara ta baya. Wanda ya yi makarantar allo kuwa hannunsa ya riga ya saba.

Ga iyaye, nan ne na fi son a tsaya. Ganin zane ba ya nufin na yara ne. A Japan ana raba manga bisa masu karatu: shonen na samari, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei na manyan mata. Berserk seinen ne, yana ɗauke da zubar da jini da tsiraicin da bai kamata yaro ya gani ba. Ko a shonen ɗin, Attack on Titan ƙattai ne ke cin mutane, One Piece yana da shigar mata da ba kowane gida zai lamunta ba, Death Note da Spirited Away kuma cike suke da iskoki da abubuwan bauta na al'adar Japan, waɗanda ya kamata a zauna a yi wa yaro bayaninsu. Wanda ya tashi da Kaftin Majid a tashoshin Larabawa, wato Captain Tsubasa, ya sani cewa irin su Spacetoon tacewa suke yi kafin su nuna, ba haka abin yake a manhaja ba. A bayan littattafan Viz akwai alama: A na kowa, T daga shekara 13, T+ daga 16, M na manya. A juya littafin a duba kafin a biya. Ga ƙananan yara, Doraemon da My Neighbor Totoro sun wadatar.

Shi ɗan yayar tawa shekararsa 15. Na sa ya karanta babi ukun farko na Naruto a wayata, ya ce ya ji daɗinsu, amma da ya ji littafi 72 ne sai jikinsa ya yi sanyi. Muka tsaya a kan Fullmetal Alchemist mai uku-a-ɗaya, wanda duka-duka guda 9 ne. Ya sayi biyun farko, na cika masa na uku, da sharaɗin in ya gama zai kawo min in sake karantawa.