Ceri ko magarya: wanne zai zauna a kasko a Yamai?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wani Bature a bidiyo ya haƙo kututturen ceri a daji, ya dasa a kasko, ya lanƙwasa shi da waya ya zama bonsai, wato ɗan ƙaramin ice da ake reno a kasko don ado, kana tambaya ko kai ma ka sa a kawo maka ceri ko ka nemi icen gida. Bari in jera maka shi da magarya, don ita ce ta fi kama da shi a wajen ƙananan ƴaƴa.

Abin da mutumin ya yi, Japanawa na ce masa yamadori, wato icen da aka ɗauko daga dutse. Ana son shi ne don wahala ta riga ta murɗe shi, ba ka jiran shekara 20 kafin gindi ya yi kauri.

To ceri icen sanyi ne. Sai ya zubar da ganye ya yi barci, ya samu ɗaruruwan awoyi a sanyin da bai wuce digiri 7 ba, sannan ya yi fure. Mu kuwa ko a tsakiyar Janairu, ranar da kowa ke rawar ɗari, da wuya daren Yamai ya sauka ƙasa da digiri 12, Afrilu kuma sai 42 da ɗoriya. A kasko marar zurfi saiwa dahuwa za ta yi. Ko ya rayu shekarar farko, ba zai san lokacin barci da na tashi ba, sai ya yi ta ramewa.

Magarya ba ruwanta da wannan. Ga ƙananan ganye, ga rassa masu tafiya karkace da kansu, ga fure a damina, ƴaƴa su nuna da sanyi. Kuma awaki sun yi maka rabin aiki: duk wadda ke bakin burtali an cinye kanta shekara da shekaru, ta zama guntuwa, gindi kamar damtse. Irin ta ake nema. Ba nau'in aure ba, wanda ake kira Pomme du Sahel, da cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ta yaɗa; wannan ƴaƴansa sun yi wa ƙaramin ice girma.

Inda ceri ya fi ta shi ne haƙa. Saiwarsa na yaɗuwa kusa da sama, ana ɗaga shi kafin toho a ƙarshen hunturu, ya zo da ƙananan saiwoyi. Magarya kuwa uwar saiwa gare ta, ta nutsa can neman ruwa. In ka tumɓuke ta rana ɗaya, sanda ka kawo gida. Sai ka haƙa kewaye a farkon damina, ka yanke uwar saiwar, ka mayar da ƙasa ka tafi. Damina mai zuwa ka dawo, za ka tarar ta fitar da saiwoyi sirara kusa da gindi. Ni na farko gaggawa na yi, na haƙo na ɗaure da waya duk a sati guda. Ko wata biyu ba ta yi ba ta bushe. Da ceri da magarya duka, bayan haƙa a bar su shekara ɗaya ko biyu su murmure kafin a taɓa su da almakashi.

Wajen gyaran siffa ma sun bambanta. Reshen ceri in ya tsufa karyewa yake, ɓawonsa na riƙe tabon waya, babban yanka kuma yana zubar da ƙaro, ruɓa ta shiga. Shi ya sa masu shi ke aske shi bayan fure, su shafe ciwon. Magarya ko ka sare ta sai ta tsiro ta ko'ina. Ni ban cika sa mata waya ba. Ina barin reshe ya miƙe, in yanke shi a bar ganye biyu ko uku, sabon toho ya juya wani gefe. In dole sai waya, ta alminiyam, a kan reshe ɗanye, a kwance ta kafin ta ci ɓawo, don a watan Agusta kauri take da sauri. Ƙaya kam za ta sha jininka, ka datse ta da abin yankan farce.

Akadama, wato ƙasar shukar bonsai ta Japan da kake gani a bidiyon, ba sai ka nema ba. Tsakuwar marmara da aka tankaɗe, da yashin kogi mai gwaɓi, da ɗan taki ruɓaɓɓe sun isa, kaskon kuma a huda shi sosai. Da bazara ban ruwa safe da yamma, a kau da ita daga ranar azahar. In ta zubar da ganye lokacin, kar ka jefar. Kankare ɓawo da farce, in kore ne tana nan.

Kafin ka ɗauki diga, ka nemi izinin mai gona, don mutanenmu na sassaben zamani da gangan suke barin irin waɗannan kututture. In a daji ne, ka bi ta wajen ma'aikatan gandun daji, dokar 2004 ta hana taɓa wasu itatuwa ba da takarda ba. Ka je da buhu jiƙaƙƙe na naɗe saiwar, kuma ka haƙa da sassafe.